Surukina Mai Cokali a Aljihu

Ranar Talata bayan azahar Baba ya cika, ana tsakiyar damina. Kafin magariba an yi masa sutura an kai shi. Da mata suka fara shigowa gaisuwa, sai muka rasa inda za mu zaunar da su. Gidan babba ne, tsakar gidansa ta isa a yi biki biyu a rana ɗaya, amma babu inda za ka jera tabarma uku. Nan kunyar kuɓewa, can yakuwa, kabewa ta bi ƙasa ta haye katanga, ga gwanda, ga lemun tsami, ga zogale layi guda har bakin banɗaki. Dole muka rarraba mutane, wasu ɗakin Hajiya, wasu falona, wasu rumfar madafa, sauran muka tura gidan maƙwabta.

Kowace ta durƙusa sai ta ce, "Allah Ya jiƙan Alhaji. Mutum mai haƙuri, ba ruwansa da harkar kowa." Ni matar ɗansa ce, nawa in sunkuyar da kai in ce amin. Hajiya kuwa, wadda ta zauna da shi sama da shekara hamsin, tana jan carbinta tana kallon bango.

A rana ta uku Gwaggo ta gaji. Ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Giade, kuma bakinsu iri ɗaya ne. Wata mata ta sake maimaita zancen haƙurin nan, sai Gwaggo ta ajiye kofin kununta.

"Baiwar Allah, wane Alhajin kike nufi? Ko gida kika ɓata?"

Ta juya ga sauran matan ta ce:

"Ku roƙa masa gafara da halinsa na gaskiya. Yayana bai taɓa ganin abu ya bar shi yadda ya same shi ba. Ranar sunana ma an ce sai da ya ce goyon bai ɗauru daidai ba, lokacin shekararsa shida."

Hajiya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Muka ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ƙwace mata, sai daga baya kukan ya biyo.

A waje ma haka aka yi. Baba malamin gona ne har ya yi ritaya, saboda haka manoma suka yi ta zuwa daga Gadau da Zadawa da ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Maigidana ya ce wani tsoho ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana cewa, "Ubanka ya taɓa tsayar da ni a gaban 'ya'yana ya ce gero na shuka ko gashin kai. Shekara biyu ba na gaishe shi. Amma yadda ya ce a yi tazara, haka nake yi har yau, haka jikokina suke yi."

Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Idan aka bar wa masu gaisuwa, nan da shekara goma 'ya'yana za su tashi da labarin wani dattijo shiru-shiru mai zama a zaure yana murmushi. Ba a taɓa yin wannan mutumin a gidanmu ba. Shekara goma sha bakwai na zauna da wanda aka yi, kuma Allah Ya sani babu makon da ya wuce bai ƙure ni ba.

Kwanana tara da tarewa, ina amarya, lalle bai bar hannuna ba, na ji ana dukan bangon ɗakina da guduma. Na fito a guje. Sai ga surukina tsaye da magini, yana nuna masa wuri da sanda.

"Malama, ki kwashe kwanukanki daga jikin bangon nan. Taga za mu fasa."

Ni malamar firamare ce, kuma tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ai akwai taga."

"Wannan ba taga ba ce, ado ne. Iska daga nan take zuwa, ta ina za ta fita? In bazara ta yi za ki dahu."

Ƙannen mahaifiyata sun kwana biyu suna yi mini jere a jikin bangon nan. Duk aka sauke. Na yi kuka ranar har idona ya kumbura, maigidana yana ta ba ni haƙuri yana cewa haka yake, haka yake. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da zafin Azare ya sauko a watan huɗu, ɗakina ne kaɗai ake iya zama a cikinsa da rana.

Gini a wurin Baba ba abu ne da ake gamawa ba. Da sandarsa yake zana gida a kan yashi, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sai ka ji ya ce a kira magini. A zamana sau uku aka tayar da madafa. Na farko wai hayaƙi yana ƙona furen lemo. Na biyu wai ta tare wa tumatir hantsi. Na uku babu wanda ya san dalili, har shi kansa ina jin, don da Hajiya ta tambaye shi cewa ya yi, "Ke dai ki duba ki gani in ba ta fi kyau a nan ba." Ƙofar ɗakin baƙi ta taɓa kallon gabas, ta koma kudu, ta dawo gabas. Da babban ɗansa da ke aiki a Bauchi ya aiko da tayil a sa a baranda, Baba ya zuba ruwa a kan guda ɗaya, ya taka da silifas, ya zame da gangan a gaban kowa, sannan ya ce a mayar. Siminti a tsakar gida kuwa ko a mafarki. "Ƙasa numfashi take yi," in ji shi. Ni ce mai share taɓon da wannan numfashi yake kawowa cikin ɗaki duk damina.

Sai maganar cokali.

A inda na taso, suruki ko hanyar madafa ba ya bi. In matar ɗansa tana girki, sai dai ya ji ƙanshi daga zaure. Baba yana da wani ƙaramin cokalin ƙarfe da yake yawo da shi a aljihun gaba, tare da biro da ɗan littafinsa. Da miya ta fara tafasa sai ka ji gyaran murya a bakin ƙofa. In ja mayafi in rufe kai, in matsa gefe, ya shigo ya buɗe tukunya. Zai ɗiba, ya hura, ya kurɓa, ya rufe ido kamar alƙali.

"Kuɓewar nan da wuƙa kika yanka ta ko da gatari?"

Ko kuma, "Daddawar fa, ta je unguwa ne?"

Dunƙulen miya na kanti shi ne babban abokin gabarsa. Yana iya gane guda ɗaya a cikin tukunyar mutum ashirin. Na sha ɓoye shi a cikin gwangwanin shayi, a cikin safa, har a ƙasan buhun gero. In ya ɗanɗana ya ji, ba ya faɗa. Sai ya goge cokalinsa da hankici ya ce, "Yau kuma kamfani ne ya yi mana girki," ya fita.

Da na kai ƙara wurin Hajiya, tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"'Yar nan, ni shekara nawa ina sha? Uwarsa ce ta rasu yana ƙarami a Katagum, shi ya riƙa dafa wa ƙannensa. Tun daga nan ya ɗauka duk duniya babu mai iya miya sai shi. Ki bar shi ya ɗanɗana, in ya fita ki zuba abin da kike so."

Haka na riƙa yi. Shi ma ya san ina yi.

Akwai ranar da na yi burabusko da miyar yakuwa irin ta gidanmu, don mu asalinmu mutanen Yobe ne. Ya ci, ya sa aka ƙaro, ya suɗe kwano. Na tsaya a bayan labule ina jiran kalma ɗaya mai daɗi. Da maigidana ya fito da kwanukan na ce, "Me ya ce?" Ya ce, "Cewa ya yi yakuwar tasa ce ta yi kyau bana."

Ruwa ma ba ya zubewa a banza a gidan nan. Bokiti huɗu nake ajiyewa a bakin madafa. Ruwan wankin shinkafa na lemo ne. Ruwan wankin nama da kifi na gwanda. Ruwan alwala na na'a-na'a da ɗoɗɗoya, shi ya sa ya shuka su a daidai inda ake alwala. Ruwan sabulu kaɗai aka yarda ya bi rariya. In na dawo daga makaranta a gajiye na haɗa su wuri ɗaya na watsar, kafin la'asar zai zo ya tsaya a kan wurin, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya dube ni, ya ce, "Allah Ya ba mu haƙuri." Wai shi ne mai neman haƙurin.

Kuma duk wannan lambun, ba ka isa ka tsinki ganye ɗaya ba. In ina son zogale sai na aika a gaya masa, ya zo da kansa ya zaɓi reshen da ya ga dama. Amma duk ranar Juma'a zai cika kwando da lemo da gwanda da alayyafo ya sa a rarraba gidajen unguwa, har da gidan mutumin da suka shekara ba sa magana saboda akuyarsa ta shigo ta ci masa rama.

Babbar rigimarmu a kan mangwaro aka yi ta.

Bishiya ce ƙatuwa tsakanin zaure da ɗakuna. Daga lambun mahaifinsa a Katagum ya ɗauko ta tana 'yar tsiro a cikin gwangwani, shekarar da ya sayi filin. Ta girmi maigidana. A ƙarƙashinta yake karin kumallo, a nan yake sauraron rediyo, a nan yake yanke wa kowa hukunci.

Wata shekara muka sa farantin satalayit, saboda yara sun ishe ni da zuwa kallo gidan mutane. Mai haɗawa ya kafa shi a kan rufin ɗakina, amma hoto sai yankewa yake yi. Ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, daga ƙarshe ya nuna wani reshe ya ce in ba a sare wannan ba, ba za a taɓa samun hoto ba. Baba ya tafi ɗaurin aure Misau, maigidana yana kasuwa. Na dubi reshen, bai fi kaurin hannuna ba, a cikin bishiyar da ke da rassa sun fi ɗari. Na ce sare shi. Muka ja shi muka jefa bayan gida, na share ganyen tas, har toka na shafa a wurin saran don kada ya yi fari.

Ko takalmi bai cire ba da ya dawo. Daga bakin zaure ya ɗaga kai.

"Wa ya taɓa ta?"

Na fito na durƙusa na ce ni ce, na faɗi dalili.

"Saboda ku ga mutane suna rawa a cikin akwati."

"Baba, reshe ɗaya ne."

"Malama, in na cire miki yatsa ɗaya, saura nawa? Tara. Ai da yawa."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce, "Baba, mu ma fa mutane ne a gidan nan. Bishiya tana da mai tsaya mata, mu ba mu da shi."

Ya juya ya shige ɗakinsa.

Kwana talatin da huɗu bai ci abincina ba. In an kai masa kwano, haka zai dawo a rufe. Ya kafa murhu a gindin mangwaron, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, yana dafa wake da kansa, maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Kunya ta ishe ni har na daina fita unguwa. Maigidana ya roƙe shi, limamin unguwa ya roƙe shi, Gwaggo ta taso takanas daga Giade ta zazzage shi da Fulatanci don kada yara su ji. Ni ma na je na ba da haƙuri sau uku, yana cewa, "Ai ba komai," kwano kuma yana dawowa.

Rana ta talatin da biyar ina tuƙa tuwo na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Ban taɓa zaton zan yi murna da wannan sauti ba. Ya shigo, ya ciro cokali, ya ɗanɗana miyar kuka.

"Wata guda ba na nan, an koma gidan jiya."

Shi ke nan sulhun. Daga baya kuma shi ne ya fi kowa zama gaban akwatin. Ya gano tashar da ake nuna noma a ƙasashen waje, yana zaune yana yi wa Turawa gyara: "Kai, wannan taki ya yi yawa, za ka ƙone shi."

Bayan shekara uku da wannan, Inna mahaifiyata ta faɗi a ƙauyenmu can bayan Potiskum. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta tafi. Aka kawo ta asibiti a nan Azare. Da aka sallame ta, likita ya ce sai an riƙa kawo ta gashi da motsa gaɓoɓi sau uku a mako, na tsawon watanni. Ba mu da kowa a garin sai ni. Uwa kuma ba ta zama a gidan auren 'yarta, ko Inna da ba ta iya magana, da aka ambata sai ta riƙa girgiza kai tana hawaye. Yayyena suka fara neman ɗakin haya kusa da asibiti.

Baba ya je asibitin da kansa. Ya tsaya a kan babban yayana ya ce, "Ɗakin haya? Wa zai juya ta? Wa zai dafa mata? Ku Barebari haka kuke jinya?" Ya juya wurin Inna ya ce, "Hajiya, kunya ba magani ba ce. Gida za mu tafi."

Ɗakin baƙi aka gyara mata. Sai dai keke napep ba ya wuce ƙofar gida, daga nan sai a sa ta a bargo mutum huɗu su ɗauka, su ratsa zaure, su kewaye mangwaro, su bi 'yar siririyar hanya tsakanin kunyoyi. A zuwa na huɗu ƙafar maigidana ta harɗe da saiwar mangwaron, ya durƙushe, kan Inna ya kusa bugun ƙasa. Ba ta ji ciwo ba, amma zanenta ya kwance a gaban maza, ta kasa ko miƙa hannu ta gyara. Na ga idonta. Baba ma yana tsaye ya gani.

Washegari na dawo daga makaranta, tun daga bakin layi na ga sararin sama a inda ban saba ganinsa ba. Na shiga na tarar da mangwaron a kwance, masu inji suna yanka shi gunduwa-gunduwa. An fasa katanga kusa da zaure, faɗin da mota za ta shiga. Kunyoyi biyar na kuɓewa an baje su. Magini yana kwaɓa siminti, simintin da aka haramta mana shekara da shekaru, zai yi hanya mai gangara har bakin ɗakin Inna. Baba yana tsaye da sandarsa yana yi wa mai inji faɗa wai ba haka ake riƙe shi ba.

Lokacin fure ne, duk tsakar gidan ya cika da furen mangwaro, ƙudan zuma suna ta yawo a kan rassan da ke ƙasa.

Na ce, "Baba..."

"Ta tsufa," in ji shi, bai ko dube ni ba. "'Ya'yanta duk tsutsa. Dama ina da niyya."

Ƙarya yake yi, Allah Ya gafarta masa. Babu mangwaro mai zaƙinta a unguwar. Hajiya ta gaya mini daga baya cewa da aka zo kayar da ita, ɗaki ya shige ya rufe ƙofa, sai da ya ji faɗuwarta ya fito.

Da yamma na je na durƙusa a gabansa zan yi godiya, kuka ya ci ƙarfina. Ya bari na yi na gama, sannan ya ce, "Miyar jiya kanwa ta yi yawa. Mara lafiya ba ta son kanwa."

Kada wani ya ɗauka daga nan ya sauya. Inna ce kawai ta shiga layinmu. Ya hana a sa mata gishiri, ya hana mai, ya hana shayi mai sukari. Zogale da safe, zogale da rana, a kunu, a miya, a kwaɗo. Kullum da hantsi zai sa a fito da ita baranda, ya ajiye mata ƙwarya cike da wake ya ce ta tsince da hannun da ya shanye. In ta yi amfani da na hagu sai ya buga sanda a ƙasa: "Na gan ki, Hajiya. Wancan hannun." Tana harararsa, yana zaune daga nesa yana ƙirga mata. Na roƙe shi ya sassauta, ya ce ni malamar yara ce, shi malamin manya.

Wata biyar Inna ba ta furta kalmar da za a gane ba. Wata safiya ya zo da kofin ruwan zogale, na uku a ranar, ya miƙa mini in ba ta. Inna ta ture kofin, ta buɗe baki, da murya a karkace amma kowa ya ji, ta ce:

"Alhaji, ka ƙyale ni!"

Na saki kofin. Hajiya ta fito da gudu tana salati. Ni ina kuka, Inna tana kuka, Baba kuwa ya gyara hula ya fita zaure, duk wanda ya wuce sai ya tare shi: "Ta yi magana. Ni na buɗe mata baki." Har ya bar duniya yana ba da labarin nan, kuma bai taɓa ɓoye abin da ta ce ba.

Shekara biyu Inna ta yi a gidan. Da ƙafarta ta fita, tana dogara sanda. Ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma duk wanda zai zo Azare sai ta ba shi daddawa ya kawo wa "wancan fitinannen".

A 'yan shekarun nan gwiwa ta hana shi sunkuyo, ido ma ya ragu. Sai ya koma kan kujera a baranda, aikin lambu ya dawo kaina, tunda ni ce a gida. Ba a tambaye ni ba. Yau a ce "Malama, ɗan zo ki riƙe mini nan," gobe a ce "ɗan tona can," har na wayi gari tafin hannuna ya yi kanta. Yana daga zaune yana nuni da sanda: zurfin ya yi yawa, tazarar ta yi kaɗan, fartanya ba muciya ba ce. Mutumin da ba ya gane fuskar baƙo sai ya yi magana, amma yana hango ciyawa ɗaya daga taku ashirin.

Zazzaɓin kwana uku ne ya tafi da shi. Safiyar Talatar na shiga gaishe shi zan tafi makaranta, na makara, ga jarrabawar yara. Yana kwance, muryarsa can ƙasa. Ya ce, "Malama, tumatirin nan da leda kika ɗaure shi?"

Na ce e.

"Da tsumma ake ɗaurewa. Leda tana yanka shi."

Na ce, "To, Baba," da irin muryar da shi da ni muka san ma'anarta. Na ja tsaki na fita ina gunaguni har bakin titi. Kafin in dawo ya yi kalmar shahada a hannun Hajiya da maigidana. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya, kuma da tsaki a cikinta. Na yi ta juya abin a raina. Gwaggo ce ta ce mini, "Ke, da kin amsa masa da daɗi da ya ɗauka ba ki da lafiya."

Bayan addu'ar arba'in 'ya'yansa suka taru a ɗakin Hajiya, aka kira ni. Babban yayansu, na Bauchi, ya buɗe waya ya nuna mana zane. Za a share tsakar gidan gaba ɗaya, a shimfiɗa intalok, a yi rumfar mota biyu, a bar lemo ɗaya a kusurwa don tunawa. Babu taɓo, babu sauro, babu bokiti. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Shekara goma sha bakwai ina roƙon Allah irin wannan tsakar gida.

Ya ce, "Malama, ke kika fi kowa shan wahala. Ranar Asabar masu aiki za su zo. Ko kina da magana?"

Na yi niyyar in ce Allah Ya saka da alheri. Da na buɗe baki sai na ji ina cewa, "Asabar? Kuɓewar fa yanzu ta fara 'ya'ya. Kuma wa ya ce muku lemo yana rayuwa a cikin intalok? Saiwarsa ta ina za ta sha? Wannan rumfar ma a inda kuka sa ta, iska ta ina za ta shiga ɗakin Hajiya? Wanda ya zana muku wannan ya taɓa kwana a Azare a watan huɗu?"

Sai a lokacin na ji abin da ke fita daga bakina. Maigidana ya saki baki yana kallona. Babban yaya ya kashe wayar a hankali ya mayar aljihu.

Hajiya ta ɗaga hannu biyu sama.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗauka na huta. Ashe ya bar mana wata."

Ba a zo ranar Asabar ba, ba a kuma sake ɗaga maganar ba. Ni kuwa har yanzu haushinsa nake ji, don bai nemi shawarata ba kafin ya mayar da ni haka, kamar yadda bai taɓa neman shawarar kowa ba a kan komai.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya yafe mini tsakin da na yi masa. Ya saka masa da abin da ya yi wa mahaifiyata. Allah Ya saukar da shi a lambun da zai zagaya tun daga farko har ƙarshe bai sami abin gyarawa ba. Amin.